Babi na Biyar: Ƙwadagon Musawa a Kasuwar Duniya

A watan Agustan 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto da ya sa mutane da dama suka sake murza ido. Rashin aikin yi a Najeriya, wanda aka ce ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, wai ya sauko zuwa kashi 4.1. Ba a sake buɗe masaƙun Kaduna ba, gwamnati kuma ba ta ɗebi miliyoyin ma'aikata ba. Ma'auni kawai aka sauya, kamar dai a rage girman tiya a ce hatsi ya ƙaru a rumbu. A da, sai mutum ya yi aikin sa'a 20 a mako kafin a cire sunansa daga marasa aiki. Sabon ma'aunin, wanda aka ɗauko daga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, mai mazauni a birnin Jeniba, ya ce duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ya samu wani abu, to mai aiki ne.

Da wannan lissafi, da wuya a samu marar aiki a Musawa ta Jihar Katsina. Kuma a wani ɓangaren gaskiya ne, domin a ƙauye ba wanda ke da halin zama haka nan. Sai dai rahoton ya ɗauko wani adadi da bai samu shiga kanun labarai ba: fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a ƙasar nan ba su da takardar ɗaukar aiki, ba su da fansho, ba su da ranar biya da aka tsayar. A cikinsu mutumin Musawa yake.

Shekararsa kashi biyu ce. Daga saukar ruwa a wajen watan Mayu ko Yuni zuwa ɗaukewarsa a Oktoba, hannu ba ya isa. Masara, dawa, wake, waken suya da auduga duk suna neman mutum a lokaci guda. Da an idar da sallar Asuba 'yan ƙwadago sun fito da fartanya a kafaɗa, mai gona ya zo a yi ciniki: ko a yi jinga a kan gonar baki ɗaya, ko a yanka kuɗin kowace kunya. Da hantsi a kawo koko ko fura a bakin gona, kafin la'asar a sallami kowa. Babu rubutu, babu shaida sai waɗanda ke tsaye a wurin. Idan maciji ya sari mutum a tsakiyar kunya, abin da mai gona ya ga dama shi ne diyya. Dokar mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ta tsayar da naira 70,000 a wata, amma tun a cikin dokar an ware wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, an kuma ware masu aikin da ke bin lokaci irin na noma. Ke nan doka da bakinta ta ce ba da shi take ba.

Da an gama sussuka an kai amfani gida, sai rabin shekara na biyu ya shigo. Mai fadama ko wanda ke kusa da madatsar ruwa zai yi noman rani. Sauran kuwa sai tasha.

Wannan fita ta cin rani ta girmi Najeriya kanta. A ranin 1952 zuwa 1953 an kafa masu ƙidaya a kan hanyoyin da ke fita daga Lardin Sakkwato, suka ƙirga fiye da mutum 250,000 da suka wuce neman kuɗi, kamar yadda masanin nan R. Mansell Prothero ya rubuta. Yawancinsu a ƙafa suke tafe. Kudancin Katsina kuwa a wancan zamani mai karɓar baƙi ne, saboda auduga. Turawan Ingila sun kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta BCGA a Mancesta a 1902, don masaƙunsu su rage dogaro da audugar Amurka, kuma ƙasar Funtua da Malumfashi na cikin wuraren da idonsu ya faɗa. Aka kafa injinan gurza a garuruwan biyu, layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Manomi ya ɗauko audugarsa a jaki ya kai wa malamin awo, a raba ta lamba ɗaya da lamba biyu, a biya shi kuɗin da aka yanke a wata ƙasar da bai taɓa gani ba. Da kuɗin zai biya haraji. Tun daga ranar guminsa ya shiga kasuwar duniya, ko ya sani ko bai sani ba.

Wani lokacin ma ba a tsaya ciniki ba. ILO ta zartar da yarjejeniyar hana aikin tilas a 1930, Ingila ta amince da ita a 1931. Amma da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, kuza ta yanke wa Ingila ana tsakiyar yaƙi, sai aka waiwayo Jos. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa, ta hannun hakimai da dagatai, aka kai su haƙar kuza. Shi ne diban gwamna da tsofaffi ke ba da labari. Sanyin tsaunin Jos da yunwa da cuta sun kashe da yawa. Yarjejeniyar ba ta hana ba, domin an bar ƙofa a cikinta cewa lokacin yaƙi daban ne.

Akwai kuma masu yin gabas. Bayan yaƙin Burmi a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka tsira sun bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan. Da aka gama madatsar Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai mahajjata masu tafiyar ƙasa suka zama ginshiƙin aikin. Mutum ya yi shekara biyu ko biyar yana cirar auduga, ya tara guzuri, ya ƙetare Bahar Maliya. Wasu sun dawo da sunan Alhaji, wasu jikokinsu na can har gobe.

Lokacin da auduga ta fi ba mutanen wannan yanki aikin albashi shi ne bayan da aka fara saƙa ta a gida. An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, UNTL ta biyo baya a shekarun 1960, Funtua ta samu tata masaƙar a ƙarshen shekarun 1970. A shekarun 1980 masaƙun ƙasar nan sun haura ɗari, kuma bayan gwamnati da wuya a nuna wanda ya fi su ɗaukar ma'aikata. Yaro daga Musawa ko Jiƙamshi da ya gama firamare yana iya sauka Kakuri a Kaduna ya samu aiki mai kati, mai ƙungiya, mai hutun ƙarshen shekara. Sannan abubuwa suka taru. A 1986, ƙarƙashin shirin tsuke bakin aljihu, aka rushe hukumar cinikin auduga, manomi ya rasa tsayayyen farashi da ingantaccen iri. Wuta ta ƙi tsayawa, baƙin mai ya yi tsada. Caina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, a ranar 1 ga Janairun 2005 kuma aka cire ƙa'idar da ta daɗe tana iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa za ta fitar. Atamfa mai araha ta malalo ta Kwatano da Maraɗi ta cika Kantin Kwari. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe ƙofa a 2007.

Ayyukan nan ba ɓacewa suka yi daga duniya ba. Ƙaura suka yi. A yau kimanin mutum miliyan 4 ke aiki a masana'antun tufafi na Bangaladash, mata da yawa a cikinsu. Masaƙar Funtua na cikin 'yan kaɗan da suka jure, amma masaƙa ɗaya ba ta ɗaukar samarin ƙananan hukumomi goma. Ɗan wanda ya yi aiki a Kakuri da katin ma'aikata, yau babur yake ja a Legas.

Yadda yake samun wannan babur ɗin ya isa a tsaya a duba, domin nan ne ainihin ofishin samar da aiki na Bahaushe. Ba ya tafiya sai da lambar wayar wani ɗan garinsu. Ya hau bayan tirelar shanu ko ta hatsi, ya sauka Agege ko Alaba Rago, ɗan garin nan ya tarbe shi, ya nuna masa inda zai shimfiɗa tabarma a shago ko a barandar masallaci. Kwana biyu a kai shi wurin wani maigida, a ce, “Alhaji, ga ƙanena, ni na tsaya masa.” Wannan kalma ita ce takardar shaidarsa, ita ce jinginarsa. A ba shi babur yana kawo balas kullum, ko kura ta ga-ruwa, ko a haɗa shi da masu gadi, ko masu jari-bola. Idan rigima ta taso akwai Sarkin Hausawa. Idan ya kwanta ciwo 'yan garinsu su yi karo-karo, in ta Allah ta kasance su yi masa sutura. Ranar Juma'a ya tsaya wurin mai POS ya tura abin da ya samu, ya buga waya gida: “Inna, na turo, a ba Baba na taki, saura a yi cefane.” Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje sun aiko da kusan dala biliyan 20 a 2023, ana ta yi musu kirari a taruka. Abin da 'yan cin rani ke turowa daga Legas, Fatakwal da Abuja ba ya cikin wannan lissafi, alhali da shi ake sayen takin da ke noma masarar Funtua.

Tsarin yana aiki, amma ba shi da kariya daga alƙalamin hukuma. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013. Legas ta hana a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, aka riƙa murƙushe baburan da aka kama a bainar jama'a. Kowace gwamnati tana da hujjarta ta tsaro da haɗurra, wasu hujjojin ma masu ƙarfi ne. Sai dai ba wadda ta ɗauki matakin a matsayin korar ma'aikata, don haka ba wadda ta yi maganar sallama. Wanda ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayi babur, sai ya dawo Musawa da hular kwano.

Idan aka tsallaka iyaka, alƙalamin ya fi kaifi. A Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, Hausawan zango da suka yi shekaru a Kumasi da Ankara suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka. A 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ba a cika shekara huɗu ba, da kuɗin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya a Janairun 1983, korar da kowa ke tunawa da jakar nan mai zane. Hanyar Agadas zuwa Libiya ita ma haka take buɗewa tana rufewa: Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure a 2015 bisa matsin Tarayyar Turai, direbobi suka koma bin ɓarauniyar hanya inda babu rijiya, sojojin da suka karɓi mulki kuma suka soke dokar a Nuwamban 2023. A Janairun 2025 Nijar ɗin ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar 'yan sa'o'i ce, dangi ne a kowane ɓangare, amma matsayin mai neman aiki a tsakaninsu ya koma abin da ake tattaunawa a teburin shugabanni.

Ba inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar Saudiyya, domin can ne zuciyar mutane ta fi karkata. Ga ibada, ga riyal. Tsohuwar hanya ita ce a shiga da bizar Umara a ƙi dawowa, a zama ɗan tukari: maza a gini da wankin mota da dako, mata a aikatau, kullum ido na kan motar 'yan sanda. Sabuwar hanya ita ce ta eja, wato dillalin nema wa mutane aiki. Ya zo har gida, ko ya aiko ta hannun wata hajiya da aka sani, ya ce akwai bizar aiki ta shekara biyu. A sayar da gona ko a jinginar da ita. Abin da ba a cika bayyana wa matar da za ta tafi ba shi ne tsarin kafala: igamarta, wato takardar zamanta, a ɗaure take da sunan mutum ɗaya, kafili. Sau da yawa fasfo na hannunsa tun daga filin jirgi, ko da yake dokar ƙasar ta hana. Idan aikin da aka ce na gida ɗaya ne ya zama na gida uku, ko albashi ya yi wata huɗu bai fito ba, ta fita ta bar gidan, kafili zai kai rahoton cewa ta gudu. Daga wannan rana ita ce mai laifi. Ƙarshenta tarhil, gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai jirgi ya sauke ta a Kano da leda a hannu.

Saudiyya tana da nata lissafin. Tana da matasa masu neman aiki, shi ya sa ta ɓullo da shirin Nitaƙat a 2011, wanda ya tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan ƙasa. Da wa'adin afuwa ya cika a Nuwamban 2013 aka shiga kame gida-gida, Habasha kaɗai ta karɓi mutanenta fiye da 150,000 cikin 'yan watanni. A Maris ɗin 2021 aka sassauta kafala, aka ba ma'aikacin kamfani damar sauya wurin aiki da fita ƙasar ba sai da yardar maigida ba. Labari mai daɗi, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da masu aikin gona ba, su ne kuwa ayyukan da mutanenmu suka fi samu. ILO tana da yarjejeniya ta musamman kan masu aikin gida, mai lamba 189, tun 2011. Babu ƙasar Larabawan yankin Tekun Fasha ko ɗaya da ta amince da ita.

A lissafin ILO, a 2022 akwai kusan mutum miliyan 168 da ke aiki a ƙasar da ba tasu ba. Adadin zai ƙaru, domin ƙasashe masu arziki tsufa suke yi. Rabin mutanen Japan sun haura shekara 49, rabin mutanen Najeriya kuwa ba su kai 19 ba. Jamus ta fito da sabon katin neman aiki ga baƙi a Yunin 2024. Ingila ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi a 2022, dubban 'yan Najeriya suka shiga, a 2024 ta hana su tafiya da iyali, a 2025 ta rufe ɗaukar sababbi daga waje. Kowace irin wannan ƙofa tana tambayar abu ɗaya: takardar shaidar karatu ko ta sana'a, da harshe. Magini daga Malumfashi wanda ya yi shekara goma sha biyar yana ɗora bulo, ya iya aikinsa sarai, ba shi da takardar da ta ce ya iya. Saboda haka ƙofar da ke da kariya ta likita ce da ma'aikaciyar jinya, waɗanda asibitocin karkara suka fi kowa buƙata. Shi kuma magini ya bi ta hamada.

Sai ga rashin tsaro ya zo ya dagula lissafin shekara kashi biyu. Tun kafin a kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, manoman yankin sun san gonakin da ba a zuwa, sun san ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbi. Cin rani yana da ma'ana ne idan akwai damina da za a dawo mata. Wanda gonarsa ta gagare shi ba ya dawowa da saukar ruwa, sai ya aika a kawo masa iyali gefen Funtua ko Kano, ya shiga layin masu neman aikin da dama ya yi wa na can kaɗan.

A takarda Najeriya ba ta yi barci ba. Ta shiga ILO tun 1960. Ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikata a 2014. A Maris ɗin 2023 ta amince da yarjejeniya mai lamba 143 kan haƙƙin ma'aikata baƙi, da mai lamba 181 kan kamfanonin da ke samar wa mutane aiki, wadda ta kafa ƙa'idar cewa ba ma'aikaci ne zai biya kuɗin nema masa aiki ba. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta daɗe da cewa ba mai ɗibar ma'aikata sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago. Shugaban ILO na yanzu ma ɗan Afirka ta Yamma ne, Gilbert Houngbo na Togo, wanda ya kama aiki a Oktoban 2022. Amma cibiyoyin farko da aka buɗe don wayar da kan masu shirin fita aiki waje, a Legas da Abuja da Benin aka kafa su, saboda idon masu ba da tallafi yana kan hanyar Turai. Matar da za ta sayar da gadonta ta tafi Jidda ba ta taɓa jin labarinsu ba, kuma duk takardun da Turanci suke.

Gyaran da ya fi kusa ba sai an je Jeniba ba. Gwamnatin Katsina tana iya buɗe tebur ɗaya a Funtua da wani a Malumfashi, inda za a karanta wa mutum kwantaraginsa da Hausa kafin ya dangwala yatsa, a duba masa ko ejan da ya zo yana da lasisi, a ajiye kwafin fasfonsa da sunan wanda zai yi wa aiki. Tana iya shirya jarrabawar sana'a ga magina, makanikai da masu walda, a ba su takardar da za su nuna a ko'ina. Hakimai da limaman Juma'a kuma su riƙa faɗa wa jama'a ƙa'idar da Najeriya ta riga ta sa wa hannu: mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin ɗauko ma'aikaci. Duk ejan da ya ce a sayar da gona a kawo masa kuɗin biza, a tambaye shi lambar lasisinsa tun kafin a kira dillalin gonar.